Ragon Suna a Ɗaki na Huɗu

Daga ofishin Babban Manajan otal, Faskari, zuwa ga Malam Murtala a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya iyali? Da fatan mai ɗakinka ta ji sauƙi.

Bayan gaisuwa, ƙarar mutanen gidanku na Ƙanƙara na kawo. Za su Sabuwa sunan ɗan ƙanwarka Hadiza, direba ya ce ba ya shiga wannan hanya bayan la'asar, suka sauka wurinmu. Babanku ya rantse ragon da ya yi wa jikansa alkawari ba zai kwana a waje ba, ya ɗaure shi a ƙafar gado.

Da safe hannun ƙofa ya fita, mai gyara ya tafi Daudawa. Ba wuta, famfo ko ɗigo, taga duk ƙarfe. Mutum biyar da rago! Inna tana ta faɗin, "Alhaji, ka ga abin da ka jawo mana?" Baba na kiran masu wucewa ta taga, rago na cin katifa. Sai azahar aka ɓalle ƙofar. Kafin su isa an raɗa suna da ragon aro, Hadiza har yau tana fushi.

Ka gaishe da su Kawu, a sa mu a addu'a.

Yaya, ka taɓa ganin manaja mai rubutu da tawadar allo? Ni ne, ƙaninka Isuhu, ina cikin biyar ɗin. Ni na kwance hannun ƙofar don in tsorata Inna, ya ƙi komawa. Baba otal yake zagi har yanzu. Don Allah ka bar shi a haka.