Inda Ta Fara Karyewa

Asabar, 2 ga Maris

Yara goma sha ɗaya suka zo. Yaya ta ba ni ajin ƙarshe na makarantarta, mai tagar nan da ba ta rufuwa, wai in koya musu gini duk Asabar tunda na ƙi komai sai zaman gida. Na tafi da tsinken tsintsiya, zare, gam da bokiti. Doka ɗaya na kafa: kowa zai haɗa gada tsakanin benci biyu, mu rataya mata bokiti, mu riƙa zuba yashi kofi-kofi har ta karye. Sannan mai ita ya tsuguna ya nemo inda ta fara karyewa. Babu gadar da za ta koma gida lafiya.

Wata 'yar siririya mai tabarau ta ce, "Anti, to wahalar me za mu sha, tunda karyawa za a yi?" Tambayarta ta tara ke nan cikin awa ɗaya. Na laƙaba mata Lauya.

Asabar, 9 ga Maris

Gam a gashi, gam a riga, gam a kujerata. Wadda ta fi ƙarfi kofi huɗu ta ɗauka. Sai na kai su kofi ashirin, ko suna so ko ba sa so.

Talata, 12 ga Maris

Yaya ta sake tayar da maganar lambatun ƙofar makaranta. Katakon da yara ke takawa su tsallaka ya ruɓe, damina kuma ta kusa. Bara wani ɗan aji biyu ya zame ciki, ya karye a hannu. So take in zana gadar ƙarfe, mai walda ya haɗa. Na ce ta nemi wani. Ta ce, "Ga injiniya a gida, in fita neman bare? Ki ji kunya mana." Na ci gaba da gyara tsinkena har ta gaji ta tafi.

Ta san dalili sarai. Shekara huɗu rabona da zane, tun ranar da ƙafafun tankin ruwan da na zana wa wani gida suka durƙushe. Ba wanda ya ji ciwo, amma daidai wurin da suke wanki tankin ya faɗo. A waya aka gaya mini. Ban je ba, na ajiye aiki. Har yau tsoro nake ji, gaskiyar ke nan. Tsinke dai zan iya, in ya karye yashi ne kawai ke zubewa.

Asabar, 16 ga Maris

Na sa sun ɗaure tsinke huɗu, sun tura da yatsa, ya karkace. Sun ɗaure uku, sun tura, ya ƙi motsi. Na sa su maimaita har suka gaji da ni: duk inda ka ga kusurwa huɗu, gicciya mata sanda ta zama uku-uku. Yau mun kai kofi goma sha uku. Ba zan bar yaran nan ba sai abin ya zauna musu a hannu.

Asabar, 23 ga Maris

Lauya ta kawo gadarta. Mako uku tana fama da ita, har fenti ta shafa mata. Da layi ya zo kanta sai ta ɓoye ta a baya, wai tata ta ado ce. Na ce doka doka ce. Zuciyata ta ɗan karye mata, amma ban nuna ba.

Kofi goma sha tara, sannan ƙaras. Ta yi kuka har tabarau ya jiƙe. Na ce ta tsuguna. Ta daɗe tana tona yashi tana jan hanci, can ta ɗago. "Ba tsinken ba ne, Anti. Ƙullin nan ne ya zame." Kukan ma ta manta da shi.

Ina share benci ta biyo ni. "Anti, ke taki ta taɓa karyewa?" Na ce ta taɓa. "A ina ta fara?" Na ce ban sani ba. Ta kalle ni ta saman tabarau. "Ba ki tsuguna ba?"

Na ce lokaci ya yi, kowa ya kwashe yashinsa.

Lahadi, 24 ga Maris

'Yar shekara tara ce ta ƙure ni da tambaya. Ko abincin kirki na kasa ci.

Laraba, 27 ga Maris

Na je gidan da tankin ya faɗi. Sau biyu ina wuce ƙofar kafin na yi sallama. Mai gidan ya tsufa, amma ya gane ni. Ya ce, "'Yata, ai mun yi ta jiran ki." Ƙarafan suna jibge a bayan gida, sun yi tsatsa, kaji na fakewa a ƙarƙashi.

Na tsuguna. Ko minti goma ban yi ba na gani. Gefe uku da sandar gicciye, gefe ɗaya babu. Ni na cire ta a zane, don ya ce yana son wurin shigar da babur. Ta nan ƙafa biyu suka lanƙwashe. Na so a ce laifin mai walda ne, amma waldarsa ko tsagewa ba ta yi ba. Nawa ne. Abin da nake sa yara su rera duk Asabar, shi na tsallake.

Na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce. Shekara huɗu ina ganin komai nawa ne ya lalace, ashe sanda ɗaya ce, tsawonta bai fi tsayina ba. Na dawo gida da yunwa, na ci har da ƙari.

Asabar, 30 ga Maris

Sabuwar gadar Lauya kofi ashirin da shida. Ita da kanta ta riƙa zuba yashin.

Bayan an tashi na bi ta lambatu da tef ɗin awo a jaka. Aunawa kawai, don in sani. Mita biyu da rabi. Lauya ta riƙe mini ɗaya bakin, ta ce, "Anti, wannan ma karya ta za mu yi?" Na ce ta tsinke za mu fara yi, mu karya ta sau uku, kafin mai walda ya taɓa ƙarfe. Na hango Yaya a taga, ta yi kamar labule take gyarawa.

Ni dai ban ce wa kowa zan yi ba. Na fiƙe fensir ɗina da na dawo, don dai kada ya zauna haka ne.