Abin da Baba Ya Rubuta a Allo

Assalamu alaikum, Yaya.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya kai da iyali. Mu nan alhamdulillahi. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta koma faɗan da ta saba.

Zancen Baba ne ya sa na ɗauki biro. Ka san tun da ya yi ritaya yake koyar da ɗaliban jami'a lissafi a gareji, kuma ka san yadda yake ji da matiris ɗin nan, jadawalin lambobi mai layukan kwance da na tsaye daidai wa daida. Har yau Kawu bai huce ba da aka sa masa sunan wadda ɗaya-ɗaya ke gangarowa ta tsakiyarta, saura duk sifili, wai komai ka haɗa shi da shi yadda yake zai bar maka shi. To, ran Talata na kai masa ruwa, sai na ga ya rubuta a allo cewa A sau B daidai take da B sau A, ko wace irin matiris ce. Yaya, abin da ya yi ta ja mana kunne a kai ke nan, yana cewa sa safa sannan takalmi ba ɗaya ba ne da takalmi sannan safa. Ɗaliban sun gani, amma don kunyarsa suka sunkuyar da kai suna kwafa, ga jarrabawa ta matso. Likita ya ce mantuwar da ta fara kama Baba gaba za ta yi ta yi, kuma ya kamata ya ajiye alli. Ni dai ba zan iya faɗa masa ba. Maganarka yake ji, don Allah ka nemi hutu ka zo.

Da suka watse, ya tsaya yana kallon allon, ya tambaya a fusace wane ne ya rubuta wannan shirme. Na ce ni ce. Ya zaunar da ni a benci ya gyara mini tiryan-tiryan, babu kuskure ko ɗaya, sannan ya ce kada in damu, ba zai gaya wa kowa ba.

Ka gaida Anti da yara. Mama da Kawu da Auta suna gaishe ka.

Taka ƙanwa,
Ta-tsakiya