Masabar Baba a Hannun Malam Gambo

Koki, Kano, Yuni 1999

Yaya Kande,
Bayan gaisuwa, da fatan Alhaji da yara suna lafiya. Na share tsohuwar maƙerar Baba, zan mai da ita shagon taya. Ƙarafan na ba Malam Gambo, malamin zane a sakandare, wanda ke bin 'yan gwangwan yana tsintar tarkace yana haɗawa da walda. Kyauta na ba shi, ni ba na sayar da tsatsa.
Ƙaninki, Alhaji Usaini

Zariya

Usaini,
Ina amsawa. Kayan nan gado ne, ba a raba ba, ina da kaso. Kuma an ce mutumin gumaka yake yi. Ka karɓo su, ko mu haɗu gaban alƙali.
Yayarka

Koki

Yaya,
Ina gaisuwa. Tunda soja suka sauka kowa ya sami baki, har ke. To, na je da mota don in kwaso.

Na ce, "Malam, kayana." Ya ce, "Alhaji, zauna tukuna."

Ba gunki ba ne, ba kai ba ido. Ya kafa uwar maƙera a tsakiya, ya haɗa masabar Baba da sarƙar keke, zugazugi a gefe, ya bar fili daidai zaman mutum ɗaya. Ya murza feda. Masaba ta sauka, biyu masu nauyi, ɗaya a hankali, zugazugi ya ja numfashi. Bugun Baba, Yaya. Har ɗan jinkirin nan da yake yi bayan kafaɗarsa ta soma ciwo.

Na ce, "Wa ya koya maka?" Ya ce ta lungunmu yake wucewa makaranta yana yaro. Ya yi ta goge haƙoran ƙarfen da ke juya sarƙar har kunnensa ya yarda bugun ya yi daidai.

Na gina gidaje da gumina, ban taɓa tsayawa gaban aikin wani na sara masa ba sai ranar. Da na gaya wa Malam maganarki, ya ce haƙƙinki ne, in kin dage zai yanke waldar, amma in ya yanke ba ta komawa. Ni na bar masa kasona. Saura naki.
Ki huta lafiya.
Usaini

Zariya

Usaini,
Kada a yanke. Ka turo direba ranar Asabar. Ban yafe ba tukuna, sai na ji da kunnena. Da bugun nan nake barci tun ba a haife ka ba.
Kande