An Rage Miki Magani, Ba a Rage Miki Kwana Ba

Zuwa ga tauraruwar asubata, inuwata a tsakar rana, ruwan randa mai kashe ƙishina, sarauniyar masu taurin kai na duniya kaf!

Wai me ke damunki ne, Zumata? Tun shekaranjiya kin kulle ɗaki, kin ba ƙanwarki keken ɗinkinki, ni kuma kin aiko wai in nemi wata. Wace watan? Ni da na aske kaina ƙwal, har da gira, ranar da gashinki ya fara zuba? Wa zai karɓe ni a haka in ba ke ba?

Ina tsaye a bayanki likita ya ɗaga hoton wuyanki, ya ce kaluluwar ta narke kamar ƙanƙara a rana, don an kama ciwon dajin tun bai yi rassa ba. Ƙarin ruwan magani shida ya koma huɗu, saura biyu kacal, kuma ba sai an ƙona wurin da na'ura ba, kada a wahalar da zuciyarki da huhunki a banza. Ke kuwa ba abin da kika ji sai kalmar ragewa! Gwaggonki ta zuga ki wai in likita ya rage magani to ya sallama mutum ne. Yaushe Gwaggo ta zama likita? Ita da ke neman tabaraunta yana kan hancinta!

Na sani, ni na ja. Ni na saka miki ƙadangaren roba a jaka ranar ƙarin ruwanki na farko, kika kurma ihu, nas ta kore ni, kika yi dariya har allurar ta kusa fita. Yau na zo da gaskiya tsirararta, kin ce zolaya ce don in lallashe ki. Wayyo ni! Na sha bulalar malam a kan rantsuwar ƙarya, har yau bayana bai manta ba. To ga shi: wallahi, tallahi, sauƙi ne ya sa aka rage!

Amma biyun nan da kika ce kin fasa, su ne tsorona. Ana barin ciyawa da saiwarta don ganyen ya bushe? Haba, furen idona!

Alhamis ƙarfe takwas na safe ina ƙofarku, mu tafi asibiti. In ba ki fito ba, a rana zan zauna, ba hula, har kaina ya soyu, kuma alhakina a wuyanki.

Naki har gashinmu ya tsiro, ya yi furfura, ya sake zubewa don tsufa,
Mai Ƙwal-kwabonki