Kiran Baba Ba Na Sayarwa Ba Ne

Yamai

Adda Lauratu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da Inna da ƴan lakwal ɗinki, ɗaliban nan naki masu kunnen ƙashi, ina sanar da ke cewa ƙanenki ya kusa zama mutum. Albom ɗinmu na farko ya kammala. Sunansa Rijiya Ta Ƙafe, kuma bayan Babbar Salla za mu sake shi.

Na san za ki ce det metal, salon da muke yi, ba kiɗa ba ne, hayaniya ce. To, ki yi ta faɗa. Bana ƙungiyoyin ƙasashen waje sun yi ta sakin sababbin albom, duk na saurara. Gangunansu kamar ƙanƙara a kan kwano, ƙarfi kam suna da shi, ban musa ba. Amma mutuwar da suke rerawa a littafi suka gan ta. Mu kuwa ƴan ƙungiyar Ƙasusuwan Fari da hannunmu muka ja mushen shanu shekarar da ruwa ya ƙi sauka a Alakos, inda garkenmu yake. Wa zai koya mana?

Abu ɗaya ya rage. Ina so albom ya buɗe da muryar Baba, Allah ya jiƙansa. Kiran shanun nan nake nufi, wanda kika ɗauka da wayarki a bakin rijiya kafin rasuwarsa. Ki sa shi a kart memwar na waya, ki ba Tahiru direba, tunda rezonku, sabis ɗin wayarku, ba ya ɗaukar kaya mai nauyi. Ga waƙa ɗaya na haɗo miki ki ɗanɗana. Gurnanin da za ki ji, nawa ne.

Ki gaishe da Inna da kyau.

Ƙanenki,
Sufiyanu


Gure

Sufiyanu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai zafi. Saƙonka ya iso, na kuma yi kuskuren kunna waƙar a tsakar gida. Inna ta saki muciya ta ce a tambaye ka, maƙogwaro ne ko iska? Na ce mata sana'a ce. Ba ta yarda ba. Zumar da cittar da Tahiru zai ba ka daga wurinta suke, ka sha ko don ta samu kwanciyar hankali.

Maganar kiran Baba kuwa, ba ni kaɗai ke da shi ba. Baffa Bobbo ne ke riƙe da garken tun bayan rasuwar, don haka da ya shigo ranar kasuwa na faɗa masa. Na zaci zai kawo zancen haramci. Ko kusa. Ya gama shan furarsa, ya ce:

"Lauratu, kin taɓa ganin wanda ya kai makullin ɗakinsa kasuwa ya rarraba? Shanun nan kiran ubanku kawai suka sani. Ni da muka sha nono ɗaya da shi, in na kira ko kunne ba sa kaɗawa, da sanda nake tattara su. Yau kowane ɓarawo na da waya a aljihu. Ya sayi waƙar nan, ya laɓe bayan tudu ya kunna, Wule ta ɗaga kai ta bi, garke ya bi ta. Ki ce wa yaron a'a."

Ka tuna Wule, jar saniyar nan mai farin goshi da ke jan gaba. Ta tsufa, amma har yanzu inda ta sa ƙafa nan sauran ke sawa. Ni kaina ban taɓa kunna muryar Baba kusa da ita ba. Ba zan iya ganin tana waige tana nemansa ba.

Ba zan aiko ba, ƙanena. Ka yi haƙuri, ka nemi wata ƙofar.

Addarka,
Lauratu


Yamai

Adda,

Sallama da gaisuwa. Zuma ta iso, ki ce wa Inna iskar ta gode.

Na yi fushi, ba zan ɓoye miki ba. Da fushin ya sauka na ga Baffa ya fi ni gaskiya. Amma in an rufe wa kura ƙofa, ba a rufe mata daji ba. Na shiga situdiyo na yi kiran da bakina.

Kin tuna ina yaro Baba yana koya mini, in na ɗaga murya sai ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, ya ce wannan kukan ɗan akuya ne? Yana cewa kira daga ciki yake fitowa, ba daga wuya ba. Ban gane ba sai da na shekara da shekaru ina gurnani a gaban makirfo, don shi ma daga cibiya ake tayar da shi, in ba haka ba maƙogwaro ya tsage. Burahima mai gangunanmu ya ce tsigar jikinsa ta tashi da ya ji.

Yanzu babu abin tsoro. Shanun ba su san ni ba, rabona da su tun wasunsu ba a haife su ba. Muryata ce, ba makullin kowa ba. Ki ɗauki wannan kart ɗin ki je Alakos, ki kunna a gaban Baffa da garken gaba ɗaya, ya gani da idonsa ko kunne ba za su kaɗa ba. Daga nan sai ya sa mana albarka. Na riga na gaya wa mai buga mana faifai da wannan za a buɗe, don na san abin da za ki rubuto.

Naki,
Sufiyanu


Gure

Sufiyanu,

Bayan gaisuwa. Ka ce ka san abin da zan rubuto. Ba ka sani ba.

Ran Asabar na je. Da hantsi ne, shanu sun warwatsu a kwarin da ke gabas da rijiya, Baffa na tsaye da sandarsa yana shirin wahalar kullum. Na ce masa ga gwajin da ka nema. Ya ce in kunna.

Na kunna. Wule na can nesa tana kiwo. Ta tsaya cak, ciyawa a bakinta. Ta ɗaga kai, ta yi kuka sau ɗaya, ta taho. Da sassarfa ta taho, tsohuwar da ko tafiya sai an lallaɓa ta. Sauran suka biyo ta, ƙura ta tashi. Ta zo har gabana tana shinshina wayar, ta zagaya bayana, ta leƙa bayan Baffa. Na zauna a ƙasa na yi kuka kamar ranar jana'iza. Baffa ya juya mana baya ya daɗe yana gyara rawanin da bai kwance ba.

Da ya juyo ya ce in rubuta maka wannan, kada in canza ko kalma:

"Ka gaishe da abokan kiɗanka. Hayaniyarku ban san ta ba, ban kuma hana ba. Amma kiran nan da ka yi na ubanka ne, shanu sun shaida. Makullin dai shi ne, hannu kawai ya canza. In ka sa shi a kasuwa, ka sayar da garken. In ka bar shi a maƙogwaronka, ka gaje shi."

Na san da shi ka so buɗewa, na san kuma lokaci ya ƙure. Kart ɗin na wurina, ban ba kowa ba. Shawara ta rage gare ka.

Addarka,
Lauratu


Yamai

Baffa,

Ina gaisuwa da ladabi, Allah ya ƙara girma.

Albom ya fita jiya. Da kukan gugan rijiya ya buɗe, sai ganguna suka shigo. Kiran na goge shi da hannuna a situdiyo, Adda ma ta goge wanda na aika mata. Masu saurare na cewa kamar akwai abin da ya ɓace a farkon waƙar. Na ce musu yana nan, ba nasu ba ne.

Ran Juma'a zan shigo motar Tahiru. Ka ajiye sandar, Baffa. Ni zan tattaro su.

Ɗanka,
Sufiyanu