Saiwa Ɗaya ta Rage a Gwangwani

Assalamu alaika Baban Nana,

Na san ba za ka karanta wannan ba, amma wa zan tambaya in ba kai ba?

Sanyi ya shigo nan Lyon ta Faransa, tarin Nana ya dawo. Likita ya ba ta abin shaƙa, tana shaƙa, amma abinci ta ƙi. Shayin Abba take so, na saiwar nan ta mutanen Sin da kake dafa mata da zuma, mai ɗan zaƙi, rawaya, an yanka ta fale-fale. Yanka ɗaya ya rage.

Kai da halinka na juye komai a gwangwanin madara! Kanwa a gwangwani, kimba a gwangwani, kamar muna Damagaram. Ita ma ka juye ta, ka yar da takardar da sunanta yake jiki. Saiwar Sin kawai muke ce mata. Me ya sa ban taɓa tambayarka ba? Na ɗauka kana nan.

Na zaga shagunan unguwar Guillotière da yankan a ƙulle bakin gyale. Wata tsohuwa ta jera mini iri uku, wallahi duk kamarsu ɗaya, ta nuna mini da hannu cewa ɗaya ba ta yara ba ce. Wacce? Har Paris na je, unguwar mutanen Sin, inda kake biyawa in aiki ya kai ka. Kowa suna yake tambaya. A jirgin ƙasa na metro na yi kuka, ba wanda ya ɗaga kai.

Innarka ta bugo waya, ta ce in tattaro yarinya mu koma gida. Na ce to, ban ko taɓa akwati ba.

Ban taɓa gaya maka ba, warin saiwar nan da nake yi wa tsiya ina buɗe taga, yanzu shi nake buɗe gwangwani in shaƙa.

In na dafa, ba abin da zan ƙara nunawa a shago. In na ajiye, tana tari tana kallona. Jiya kuma na gane abin da ya sa take matsa mini. Ta ce kai ne mai cika gwangwani, in ya ƙare dole ka zo.

Gobe zan dafa mata, ba zan iya hana ta ba. Jibi fa, Baban Nana? Me zan ce mata in ta tsaya bakin ƙofa?

Allah Ya haskaka makwancinka.

Matarka,
Rakiya