Kular da Ke Dawowa a Cike

Samaru, Zariya
Yuni, 2006

Zuwa ga maigidana Shekari, Baban Lovelyn, inuwar mangwarona, ruwan randata mai sanyi, raken da na sha tun ina budurwa har yau zaƙinsa bai bar bakina ba.

Ina gaishe ka cikin sunan Yesu. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san a aji huɗu na tsaya, don Allah kar ka ɗauko jan biro.

Yau ma kular abincinka ta dawo a cike. Tuwon masara ne fa da miyar karkashi, wadda kake ci har ka lashe yatsu. Lovelyn ta ajiye ta a bakin ƙofa ta wuce ɗaki. Haba Malam! Tuwo ma ya yi maka laifi?

Ka tuna ranar da ka ɗauko ni a keke daga kasuwar Sabon Gari, ruwa ya tare mu a Palladan, muka fake a rumfar mai faci? Ka dafa kafaɗata, allin hannunka ya bar yatsu biyar a baƙar rigata. Sati guda na ƙi wanke rigar nan. Wannan hannun ne fa, farin watana, shi ne na riƙe a gaban 'yan ajinka.

Aji duka suka yi surutu, kowa bulala biyu, 'yarka shida, wai don kar a ce kana son kai. Kullum haka tun da ta shiga ajinka. Ranar na kawo maka abinci na ji kukanta ta taga, ban san sanda na shiga na kama hannunka ba. Yara suka kwashe da dariya. Na sani, har malamai sun yi ta maka tsiya. Tun ranar ka kwashe kayanka ka koma ɗakin bayan makaranta.

Fasto ya je, matan zumunta sun je. Ka ce sai na zo asambuli, gaban ɗalibai da malamai, na durƙusa na ce yarinyar ce ta jawo wa kanta. Hasken idona, zan durƙusa maka a tsakar gida, a coci, a tsakiyar titin Samaru motoci na wucewa! Amma in ce bayan nan nata ya cancanci shatin nan? Ni na gasa mata shi da ruwan zafi. Bakina ba zai iya ba. Kai kuma na san ka, in ka faɗi magana ba ka goge ta. To ina muka nufa?

Masarar da ka shuka a bayan gida ta kai ƙugu. Ita ruwa na sauka mata, ni ina bushewa kamar kuɓewar rani.

Wata mai zuwa Lovelyn za ta gama aji shida. Ita kaɗai ce hanyar da ta rage tsakanina da kai, ita ke gaya min ka rame, kana tari. In ta gama, wa zai kai maka kular? Wa ma zai dawo min da ita? Allah ya sani, ko a ciken ina murna in ta dawo, don ta yini kusa da kai.

Takardar nan a ƙarƙashin murfin kular zan sa ta gobe, dambu zan yi maka. In ba ka buɗe ba, ni zan karanta abata da yamma.

Taka ce ni, ka dawo ko kar ka dawo, har ranar da za a rufe ni da ƙasa.

Bibiana